Ni Ce Na Goge Aninan Tsoho

A shekarun da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu, ina da shekara ashirin da shida, na gama digiri na biyu a Birmingham, kuma ba ni da aiki. Abin da na karanta ya shafi tsara gidaje da unguwanni, aikin da council, wato hukumar gari, ce ke ɗaukar mutane a kansa, ita kuwa council a lokacin sallamar ma'aikata take yi. Duk wasiƙar da na buɗe sai in tarar da godiya da fatan alheri. Da ma can ni mutum ce mai fargaba. Nakan koma sau uku in duba ko na kulle ƙofa, kuma da wuya in faɗi magana ban sa mata "wataƙila" ko "ina jin" ba. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba, sai don mai karatu ya san irin wadda ta aikata abin da zan faɗa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin da yawa daga cikinsu suna raye.

Ina zaune ne a Edgbaston, a gidan ƙanin kakana na wajen uba, likita ne da ya yi ritaya, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Ɗansa yana aiki a ƙasar Larabawa, 'yarsa akanta ce a Manchester. Ita nake kira Gwaggo, ko da yake takan ce sunan yana tsufar da ita. Da aka rage kwanakin matar da council ke turowa tana duba shi, Gwaggo ta ce in dawo gidan in zauna, in huta da biyan haya, shi kuma ya samu mai motsi a kusa. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne. Yakan kira ni uwargida, ya ce bai taɓa ganin matar da ta tara digiri biyu amma tuwonta ke gudu a faranti ba. Ni kuma in ce masa tsoho, in ce haƙoransa ne suka gaza, shi ya sa nake tausaya masa. Na ji daɗin gidan ƙwarai, sai dai kullum ina jin nauyi a raina cewa ina ci ina sha ban kawo komai ba.

Tsoho yana da wata durowa a ɗakin karatunsa da ya cika da tsofaffin kuɗin ƙasarmu na zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule. Kowanne yana cikin wata roba mai tauri, garau kamar gilashi, an like ta ko'ina, da 'yar takarda a sama mai ɗauke da lambobi. Ina jin ya taɓa yi mini bayani cewa akwai masana da ake aika wa kuɗi, su duba su tabbatar na gaske ne, su ba shi matsayi gwargwadon lafiyarsa, sannan su rufe shi yadda hannu ko iska ba za su ƙara taɓa shi ba. Na ce "ina jin" ne domin a ranar hankalina yana kan wata takardar neman aiki, kai kawai nake gyaɗawa. Abin da na riƙe shi ne labarin mahaifiyarsa. Ya ce takan zura aninai a zare ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane, in za ta aike shi sayen daddawa sai ta kwance ta zaro ɗaya, ya karɓa da ɗuminsa. A lokacin yana ta fama da yanar ido, yakan ɗaga robar saitin taga yana neman tauraron da rubutun ajami da ke jikin kuɗin, ba ya gani sosai. Wata rana ya ajiye, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni da yatsa na san anini, uwargida, ba da ido ba." Wannan maganar ce ta zauna mini.

Akwai kuma wata magana da ke yawo a gidan tun kafin in zo. Tsoho yakan manta inda ya ajiye tabarau, ya taɓa barin buta a kan wuta har ruwan ya ƙone. Gwaggo ta ɗauki abin da zafi. Kusan kullum sai ta kira ni ta tambaya ko ya sha magani, ko ya maimaita magana, ko ya ɓata hanya. So take ya bar gidan ya koma wurinta. Shi kuwa ya kafe. Ya ce motarsa tana nan, masallacin da yake Juma'a a Balsall Heath yana nan, abokansa da suke shan shayi bayan salla suna nan, na'a-na'ar da marigayiya ta shuka a bayan gida tana nan, to me zai je nema a bene hawa na uku a garin da ruwan sama ba ya hutawa? Yakan ce shi likita ne, ya san bambancin tsufa da ciwon mantuwa, ranar da ya ga alama a jikinsa shi da kansa zai miƙa makulli.

Da aka yi masa aikin ido, Gwaggo ta tafi da shi Manchester ya yi mako guda yana jinya. Na rage ni kaɗai a gidan. Na share ko'ina, na wanke labule, sannan tunanin ya zo mini: idan ya dawo da sabon ido, me zai fi faranta masa rai kamar ya tarar da aninai a zare, suna walƙiya, ya taɓa su da yatsunsa kamar yadda yake yi yana yaro? Na ga kamar na samu hanyar da zan saka masa. Na zaɓi masu huji guda bakwai. Na gwada buɗe robar da farce, ta ƙi. Na sa wuƙa, ta ƙi. A nan ya kamata in tsaya, kuma gaskiya zuciyata ta faɗa mini cewa abin da aka like haka ba a yi shi don a buɗe ba. Amma na ce wa kaina ai roba ce kawai, irin ta kaset, in ta fashe a sayi wata. Na ɗauko filaya daga akwatin kayan aikinsa, na danne gefen ta farko har ta yi ƙara ta tsage. Bayan ta farko sauran ba su yi mini wuya ba.

Da suka fito sai na ga duk sun dushe, wasu sun yi baƙi-baƙi, wasu ruwan ƙasa. A gidanmu ba a ba babba abu da datti. Na tashi ina ganin mahaifiyata tana goge tasoshi da toka da lemon tsami har sai ta ga fuskarta a ciki, kuma ni ma haka aka koya mini. Na kwashe tokar kaskon turaren wuta na marigayiya, na yanka lemo, na zauna a bakin famfon kicin na dirje su ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon buroshin haƙori don in shiga cikin rubutun. Na tagullar suka koma jajaye kamar yau aka ƙera su. Har waƙa nake yi.

Sai da na shanya su a kan tawul kusa da taga na lura da wasu siraran zane-zane a fuskarsu, ko'ina, kamar an ja allura. Na buɗe kwamfuta don in ga yadda ake gyara hakan da kuma inda ake sayen sabuwar roba, abin da ya kamata in yi tun kafin in ɗauki filaya. A nan na karanta cewa da zarar an fasa robar, shaidar masanan ta tashi. Na karanta cewa dushewar da na ɗauka datti ce ita ce abin da masu tara kuɗi suke nema, domin shekaru ne suka yi ta, kuma ba a mayar da ita. Kuɗin da aka dirje ya dirzu ke nan har abada. Abin da tsoho ya yi shekaru yana bi yana tarawa ɗaya-ɗaya, na gama da shi kafin la'asar. Na tattara kuɗin da fasassun robobin na zuba a durowar, na jefa filayar a kai ba tare da na yi tunani ba, na rufe. Na yanke cewa da ya dawo zan durƙusa in faɗa masa. Kwana huɗu ina tsara kalmomin, ina sauya su.

Ranar Asabar da hantsi suka dawo. Ban ko gama kawo musu ruwa ba Gwaggo ta shiga ɗakin karatu za ta ajiye takardun asibiti, ta ja durowar. Na ji ta kira mahaifinta da wata irin murya. Muka shiga tare. Tsoho ya tsaya a kan durowar da sabon idonsa, ya ɗauki anini ɗaya, ya juya shi. Gwaggo ta tambaye shi a hankali yaushe ya yi wannan. Ya ce ba shi ya yi ba. Ta nuna masa filayarsa. Ya ce ya ga filaya, amma ba shi ya yi ba, kuma ko hauka ya yi ba zai sa toka a jikin kuɗi ba. Sai idon Gwaggo ya kawo ruwa, ta ce ai abin da take tsoro ke nan, mai wannan ciwon yakan yi abin da bai taɓa yi ba, kuma ba ya tunawa. Ta ce wataƙila kafin aikin ne, da idon ya dame shi, ya so ya taɓa su.

Sannan ta juyo gare ni ta tambaya ko na ga yana taɓa durowar kwanakin baya. Wannan ita ce damar da Allah Ya ba ni, kuma ga abin da na yi da ita. Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Yakan dai buɗe ta wani lokaci." Babu ƙarya a cikin kalmomin, na sha lallashin kaina da haka daga baya. Amma na san abin da za ta fahimta, kuma shi ta fahimta. Babu wanda ya zarge ni. Tsoho da kansa ya ce a bar uwargida, wadda sai ta nemi izini kafin ta buɗe firji ina za ta iya fasa abu. Tsoron nan nawa da kowa ya sani shi ya zame mini mafaka.

Na ce a raina zan bari Gwaggo ta tafi, in same shi shi kaɗai. Ta tafi, na ce bari idonsa ya gama warkewa. Ya warke, na ce bari ya huce. Amma ba fushi yake yi ba, wani abu ne daban ya same shi. Kwana biyu yana cewa ba shi ba ne, a na uku ya daina. Na fara ganinsa yana tsayawa a tsakiyar falo yana kallon hannuwansa. Ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta duk abin da ya yi: na sha magani, na kashe wuta, na yi azahar. Wani lokaci ya rubuta kuma ya zo ya tambaye ni ko da gaske ya yi. Wasa ya ɗauke. Tuwona ya ci gaba da gudu a faranti, ba mai tanka masa. Wata Juma'a ya saka babbar riga, ya ɗauki makullin mota, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya ajiye a kan tebur ya ce in kira masa tasi, mutumin da ba ya tuna abin da hannunsa ya yi bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Ina tsaye a wurin da gaskiyar a bakina. Na kira tasin.

Gwaggo ta kai shi wurin GP, wato likitan unguwa, kuma labarin durowa shi ne babban abin da ta gabatar. Ni ina zaune a ɗakin jira ina kallon ƙasa. Aka tura shi gwaji, layin kuwa a shekarun nan dogo ne, sai da aka yi watanni. Da sakamakon ya fito, likitocin suka ce ba su ga abin da ya wuce na shekaru ba, a dai ci gaba da lura. Amma kafin nan ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya ce ya sha ganin marasa lafiya suna cin gwaji a farkon ciwo, shi shaidarsa tana cikin durowa. Ya cika alkawarin da ya yi: ya miƙa makulli, ya mayar da lasisin tuƙi, aka ba da gidan haya, ya koma gidan benen Gwaggo kusa da Ardwick. Ni na naɗe masa kayansa. A wannan watan ne na samu ɗan aiki a wani ofishi, na kama ɗaki a Balsall Heath. Kowa yana taya ni murna, Gwaggo har da saya mini bargo don godiyar kula da mahaifinta.

Duk Juma'a nakan haɗu da abokansa a bakin masallaci, su tambaye ni jikin Likita, su girgiza kai su ce Allah Ya sa mu gama da hankalinmu. In ce amin. Azumi ya zo, na yi ta istigfari, amma na san ba irin laifin da istigfari kaɗai ke wankewa ba ne tunda mai haƙƙin yana raye, jirgin ƙasa na awa ɗaya da rabi ne tsakaninmu. Kullum hujjata ita ce an riga an wuce wurin, faɗa yanzu ba zai dawo da gida ba, sai dai ya ƙara ɓata rai. Yanzu na gane ba ransa nake karewa ba.

Da Salla na je gaishe shi. Na same shi a kujera kusa da taga, ya rame, littafin nan yana kan cinyarsa, na uku ke nan ko na huɗu. Gwaggo ta fita da yaranta. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi ko masu hayar suna ba na'a-na'a ruwa. Da zan tafi sai ya laluba aljihu ya ciro anini ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce in riƙe, in tuna da shi. Sannan ya ce tunda bai san iyakar abin da ya yi a watannin nan ba, idan akwai wata magana ko wani abu da ya yi mini a gidan wanda ba ya tunawa, yana roƙo in yafe masa tun yana iya roƙo. Na ce babu komai. Na sauka, na taka har tasha, na tsaya jirgin Birmingham ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tafi ina tsaye da anini a hannu. Sai na juya.

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, kuma karo na farko a rayuwata ban sa "wataƙila" ko ɗaya ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaya da me na goge, na ce da toka da lemon tsami. Ya tambaya wa ya sa filayar a durowa, na ce ni. Ya sa na sake maimaita masa ranar da abin ya faru, ya ƙirga ya ga yana Manchester a ranar. Ya daɗe yana kallon littafin da ke cinyarsa, ya rufe shi, ya ɗora a kan taga. Na ga hawaye yana bin gemunsa, ban san ko na sauƙi ne ko na baƙin ciki ba, ina jin duka biyun ne.

Ya ce, "Ashe ba ni ba ne."

Na ce ba shi ba ne, Kaka. Sai ya ce, "Kuɗin na yafe miki tun kafin ki rufe baki, don ni kika yi. Shirun ne ban san inda zan ajiye shi ba. Kina gani na ajiye makulli."

Ya ce in jira Gwaggo in faɗa mata da bakina, ba zai ɗauke mini wannan ba. Na jira. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na sa ta tsaya gaban likita ta ba da shaida a kan mahaifinta, na sa ta ƙaryata shi ranar da yake faɗin gaskiya. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba.

Tsoho bai koma Edgbaston ba. Masu haya suna da yarjejeniya, gwiwarsa ta ƙara lalacewa a zaman bene, biyu daga abokan shayinsa sun rasu a tsakanin. Bayan wasu makonni ya kira ni a waya ya ce yaya uwargida mai toka, na san ya buɗe mini ƙofa, amma muryar ba ta koma yadda take ba. Ya rasu a Manchester bayan shekara biyu da 'yan watanni, da hankalinsa garau har ranar ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.

Abin da zan ce wa masu karatu kashi biyu ne, kuma na farkon shi ne ƙarami. Idan kun ga tsohon kuɗi ko wani abin tarihi a rufe, ku bar shi a rufe, kada ku goge, kada ku gyara, ko da niyyarku ta kai tawa kyau. Ba duk abin da ya dushe ne yake neman toka ba, kuma abin wani sai da izininsa. Na biyun shi ne wanda ya sa na rubuto. Mu da ke zaune da tsofaffi, musamman a ƙasar nan da abu kaɗan ke sa a fara maganar gwaji da sauya musu wurin zama, mu sani cewa duk ɓarnar da muka ɓoye a gidan tsoho kansa take faɗawa, domin shi ne wanda aka riga aka fara shakka. Ɓarnata ta wuni ɗaya ce, da na faɗa a ranar Asabar ɗin nan da faɗa zai yi mini, ya yi kwana biyu yana tsokanata, ya ɗauki motarsa ya tafi Juma'a. Aninin yana nan a jakata, na zura masa zare. Har yanzu yana walƙiya, kuma duk lokacin da na ji bakina zai ce "ban sani ba" a kan abin da na sani, nakan sa hannu in taɓa shi.